Ɗan wa ke zama a bencin gaba?

Malamin Aji, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Gusau, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo, tun kafin gwajin farko kusan na san waɗanda za su zo na ɗaya zuwa na goma, na san waɗanda za su riƙe ƙasa. Takardar shiga ke gaya mini: sana'ar uba, da firamaren da yaro ya fito.

Ɗan ma'aikacin da ya yi nazare yana shigowa da jakarsa ya nufi bencin gaba, babu mai nuna masa. Ya san ana ɗaga hannu, ya san ana cewa "Malam ban gane ba" kuma ba a mutuwa. Idan na ba da aikin gida, da dare akwai mai buɗe littafinsa ya duba. Shi kuwa yaron da iyayensa suka gudo daga yankin Ɗansadau ko ƙauyukan Tsafe, can baya yake lafewa jikin bango. Littafi ɗaya gare shi, a ciki yake rubuta lissafi da Turanci da kimiyya, yana kwafar abin da ke allo harafi-harafi ba tare da ya iya karanta shi ba. Idan ka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, don a gidansu haka ladabi yake, mu kuma sai mu rubuta cewa ba ya ƙoƙari.

Abin da ya fi damuna ya wuce maki. Daga bencin gaba muke zaɓar monita, daga bencin baya muke tura mai shara da mai ɗebo ruwa da mai sayo wa malamai abinci. Shekara uku ana haka. Ɗaya ya fita ya koyi ba da umarni, ɗayan ya fita ya koyi cewa shi ɗan aike ne. Wannan darasi babu shi a manhaja, amma shi ne ya fi zama a kan yara. Ina son jin ra'ayinku: makarantar nan tana gyara bambancin da yara ke zuwa da shi daga gida, ko ƙara masa ƙarfi take yi?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a ganina kada mu ɗora wa makaranta laifin da yake na iyaye. Tun 2004 akwai dokar ilimin bai ɗaya da ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, har da hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Amma sai ka ga mutum ya sayar da buhun waken suya ya ƙara aure, littafin ɗansa ya gagare shi. Ku tuna 2018, da aka ruwaito yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar shiga makarantun tarayya daga duk Zamfara. Gwamnati ce ta hana su? Ni ma ɗan manomi ne, babana bai san bihim ba a boko, amma ya tsaya a kaina har na gama.

Maman Ummi:
Baban Khalifa, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma kyautar nan da kake faɗa ina son ka zo ka nuna mini ita. Kayan makaranta kuɗi, takalmi kuɗi, littattafan rubutu kuɗi, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, yau a ce a kawo tsintsiya gobe a ce alli. Mai yara bakwai ya lissafa.

Kuma masu zagin talla su tsaya su fahimce ta tukun. Matar da ke cikin gida ba ta fita, ita ke soya ƙosai ko awara ko ta dafa dafa-duka, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Daga farantin nan ake cefanen dare, daga cikinsa ake zuba adashin da za a yi wa yarinyar kayan ɗaki. Ranar da ta tafi makaranta da safe, ranar gidan ya yi asarar cinikin safe, wanda shi ne cinikin gaske. Ina da maƙwabciya a unguwarmu, mijinta 'yan bindiga suka kashe a gona, 'ya'ya biyar ya bar mata. Babbar 'yarta kanta na ja, ta iya karanta Hausa tas, amma sai ƙarfe goma take isa aji bayan ta sauke faranti, a bakin ƙofa a tare ta da bulala saboda latti. Wata rana ta ce wa uwarta ta gaji da duka, shi ke nan. Wa za mu hukunta a nan, uwar?

Baban Khalifa:
Hajiya, ban ce babu masu uzuri ba. Na ce akwai masu hali da ba su damu ba, kuma suna da yawa.

Tsohon Hedimasta, Talata Mafara:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni tsoho ne, abin da munka gani shi zan faɗi. Bambancin ga ba yau anka fara shi ba. Makarantun farko da Turawa sunka buɗe ƙasar Hausa ɗiyan sarakuna da na malamai anka yi wa su, don a samu masu riƙon mulki da rubutun haraji. Gidajen da sunka shiga boko tun sannan, yau jikokinsu na huɗu ke karatu. Gidan da ya fara jiya yana gasa da wanda ya ba shi ratar shekara ɗari.

Amma akwai lokacin da anka rage tazarar ga. Da anka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, azuzuwa sunka bazu har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Wanda ya ci jarrabawa sai makarantar kwana. Gwamnati ke ba ka tufafi da sabulu da abinci sau uku, in an yi hutu a ba ka kuɗin mota. Ɗan hakimi da ɗan maƙeri ɗaki guda, kwano guda, kuma babban ɗalibi in zai sa ku aiki ba ya tambayar sunan ubanka. Mu da munka fito ƙauye can munka koyi yadda ake magana da manya ba tare da rawar jiki ba, can munka yi abokan da har yau ƙofarsu buɗe take gare mu. Baban Khalifa, in ka duba da kyau, ina kyautata zaton irin wagga makaranta ce ta ɗauke ka, ba ƙoƙarin mahaifinka kaɗai ba.

Mi ya canza? Masu faɗa a ji sunka kwashe ɗiyansu zuwa makarantun kuɗi. Da can in rufin aji ya yaye, kwamishina zai ji a gidansa, don ɗansa na ciki. Yanzu rufin ya shekara a ƙasa babu wanda zai ji. Makarantar gwamnati ta koma ta wanda ba ya da zaɓi, kuma wanda ba ya da zaɓi ba ya da murya.

Malamin Aji, Gusau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Har mu malaman gwamnati, duk wanda albashinsa ya ɗan taɓa, makarantar kuɗi yake kai nasa. Iyayen yara suna ganin haka kuma sun san ma'anarsa.

Gardi daga Gummi:
Allah ya gafarta malamai, ina da ƙorafi a kan yadda ake maganar nan. Ana ta cewa yaro ya zo daga gidan da babu ilimi. Wane ilimi? Yaron da ya fito tsangaya da izu ashirin a kansa, yana wanke allonsa ya rubuta da tawada ba a riƙe masa hannu, yana karanta wasiƙar ajami, shi ne marar ilimi? Ranar da ya shiga boko sai a zaunar da shi da 'yan shekara shida, a ɗauke shi fanko, yara na yi masa dariya don gemunsa ya kusa fitowa. Duk haddar da ya saba da ita, da juriyar zaman karatu tun asuba, babu malamin da ke tambaya balle ya yi gini a kai.

Ƙasar nan ba baƙuwar karatu ba ce. A nan Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi, jagororinsu da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana rubutu da karantarwa. Iyayen da ke gudun boko da yawansu ba karatu suke gudu ba. Suna ganin yaro ya yi shekara shida a firamare ya fito bai iya rubuta sunansa ba, ya kuma raina gona. Na allo kuwa ko ba komai ya iya sallarsa. Ku ba su makarantar da ake koyon wani abu ku gani.

Ɗan Kaura:
Gardi, gaskiyarka a kan raini, amma kada mu rufe ido. Yaron da ke yawo da roba a tashar mota da ƙarfe goma na dare ba ya cikin tsarin Nana Asma'u. Kuma 'ya'yan wa ake turawa? Ban taɓa ganin ɗan attajiri yana bara ba, nasa yana Islamiyya mai bene da mota tana kai shi. Ko a karatun addinin ma gida ya raba su. An gina makarantun almajirai zamanin Jonathan, ta farko a Gagi cikin Sakkwato a 2012, an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, amma malamin tsangayar da ke riƙe da yara hamsin ba shi da albashi, ba shi da hatsin ciyar da su.

Gardi daga Gummi:
A kan bara ba mu da saɓani. Abin da nake nema shi ne a lissafa karatun allo a matsayin karatu idan yaro ya zo shiga boko.

Ma'aikaciyar Jinya, Anka:
Ni ta wajen aikina zan yi magana. Tazarar da Malam yake gani a aji ɗaya na sakandare tun yaro yana goye aka fara ta. Yaron da tamowa ta kama kafin ya cika shekara biyu, ƙwaƙwalwarsa ba ta samun abin ginuwa a lokacin da ta fi buƙata, kuma ba a cika rama wannan daga baya ba. Sannan mu a nan muna da namu na daban. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake dakawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Dubbai sun rayu bayan magani, amma dalma tana taɓa fahimta da natsuwa. Waɗannan yaran sun shiga aji, an kira wasunsu daƙiƙai, an dake su a kan abin da ba laifinsu ba ne. Kuma ba a gidan mai albashi ake daka dutse a tsakar gida ba.

Yaron da ya zo aji bai karya ba, kafin sha ɗaya barci yake yi. Lokacin da ake ciyarwa a firamare kowa ya ga yadda azuzuwa suka cika. Da abincin ya tsaya, da yawa suka koma.

Ɗalibar Jami'a, Gusau:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga sama. Ni makarantar gwamnati na yi tun daga firamare. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. A ɗakin da na rubuta tawa akwai yarinyar da ranar ce ta fara ɗora hannu a kan kwamfuta. Tana ta kallon allon, lokaci yana tafiya, tana jin kunyar tambaya, sai da mai sa ido ya lura ya zo ya nuna mata inda ake dannawa. A gefenta wata ce da ta yi wata da watanni tana gwaji a cibiyar lesin. Tambayoyi iri ɗaya aka ba su, aka ce an yi adalci.

Sannan ku tuna shekarun da hukumomin WAEC da NECO suka riƙe sakamakon ɗaliban Zamfara saboda bashin kuɗin jarrabawa. 'Yan makarantar kuɗi ba su ji komai ba, iyayensu suka biya suka karɓi nasu suka wuce jami'a. Waɗanda suka dogara da gwamnati su suka zauna a gida, wasu aka yi musu aure, wasu suka tafi haƙar zinare. An biya bashin daga baya, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023, amma shekarun da suka wuce wa waɗancan ba su dawo ba.

Abu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa ba. Ko ka shigo jami'a, gidanku yana biye da kai. Mu da muka fito makarantar gwamnati mun san amsa amma ba ma ɗaga hannu, don kada Turancinmu ya karye a yi dariya. Tun firamare monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji a ci shi tara. Abin da muka koya daga nan shi ne shiru ya fi aminci.

Baban Khalifa:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma a kan Turanci ban yarda a sassauta ba. Da shi ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aiki. In ka ce ɗan talaka ya yi ta karatu da Hausa alhali ɗan mai kuɗi yana Turanci tun nazare, kai ne ka ƙara musu tazara. Ga kuma maganar sassaucin maki: a 2013 an fitar da makin shiga makarantun tarayya, Anambra 139, Zamfara 4 ga maza 2 ga mata. Har yau da wannan ake yi mana gori. Ni ba na son a ƙara ba mu wani sassauci.

Malamin Aji, Gusau:
Yallaɓai, babu mai cewa a bar Turanci. Tambayar ita ce ta ina ake shiga. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji, ya gane cewa haruffa sauti ne, ya karanta jimla ya fahimce ta, shi ke saurin ɗaukar Turanci daga baya. Wanda aka fara masa da harshen da ba ya ji, haddar sauti yake yi, ya kai aji shida bai iya ko ɗaya ba. Irinsu ne ke bencin bayana. Kafin a soke wannan ƙa'ida a 2025, tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a koyar da shekarun farko na firamare da harshen yankin, a 2022 ma aka ce har aji shida, amma ba a buga isassun littattafai ba, ba a horar da malamai ba. Ɗan ma'aikaci yana jin Turanci a talabijin da bakin yayyensa, shi ya sa rashin tsarin bai cutar da shi.

Sassaucin makin kuwa, duba wanda ya ci moriyarsa. Sai uban da ya san akwai jarrabawar, ya san ranar sayar da fom, yana da kuɗin rajista da na kai yaro cibiya. Manomin Bindin bai taɓa jin labarinta ba. Gorin na kowa ne, kujerar kuwa ta 'yan birni ce.

Tsohon Hedimasta, Talata Mafara:
Akwai wanda ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo don a ƙasarmu anka yi shi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 anka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. A Yunin shekarar anka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri can Kebbi. Ranar 1 ga Satumba anka ɗauki ɗalibai sama da saba'in a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha, anka yanke layukan waya. Mai hali ya ɗauki ɗiyansa ya kai Sakkwato ko Kaduna ko Abuja, karatunsu bai tsaya ba. Ɗiyar ƙauye fa? Garinsu babu sakandare, makarantar kwana ita kaɗai ce hanyarta. Uban da anka sha wahala kafin ya yarda ta tafi, ka koma ka ce masa ya sake turawa? Na san gidajen da ko wata uku ba a yi ba anka ɗaura aure. Kuma ban iya ganin laifinsu ba.

Malamai ma haka. Wanda ya san wani sai ya nemi a maido shi cikin gari. Ka tarar makarantar birni malamai sun yi yawa, ta ƙauye hedimasta da malamin Arabiyya kaɗai ke riƙe da aji shida.

Maman Ummi:
To Baba, mu da muke nan me za mu iya kafin gwamnati ta waiwayo? Ni abin da na sani a hannunmu yake shi ne bulalar latti. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, akwai mai unguwa da liman da wakiliyar mata a ciki. A zauna a yarda cewa yarinyar da ta sauke talla ta zo ƙarfe tara a bar ta ta shiga aji. Ko a buɗe wa irinsu ajin yamma, tunda azuzuwan a rufe suke bayan azahar.

Ɗan Kaura:
Ajin yamma sai an biya malami, Hajiya. Kuma yawancin yaran suna Islamiyya da la'asar.

Gardi daga Gummi:
Wannan mai sauƙi ne in an nemi malaman allo da mutunci. Alhamis da Juma'a babu karatu a tsangaya. In za a turo mai koyar da karatun Hausa da lissafi a waɗannan ranaku, a zaurenmu, ba tare da an ce yara su sa wando da riga iri ɗaya ba, na san alarammomin da za su karɓa.

Malamin Aji, Gusau:
Ni abin da ke ikona shi ne ajina. Wannan zangon na raba zama da kaina, kowane benci mai iya karatu ɗaya da masu koyo biyu, kuma monita da shara duk bi da bi ake yi bisa jerin rajista. Wasu iyayen bencin gaba sun zo sun yi ƙorafi cewa za a ja 'ya'yansu baya, ɗaya ma ya ce zai cire nasa. Minti ashirin na farkon darasi kuma karatun Hausa muke yi da waɗanda ba su iya ba, sai dai littattafan da ke hannuna ba su kai goma ba, yaran kuwa sun haura arba'in.

Ɗalibar Jami'a, Gusau:
Malam, akwai na ƙannena na firamare a gida, kuma zan tambayi 'yan ajinmu. Mu da ke hutu za mu iya zuwa ranar Asabar mu zauna da masu koyon, in shugaban makarantarku ya amince. A turo mini ta akwatin sirri wane aji littattafan za su dace da shi.

Baban Khalifa:
Har yanzu ina nan a kan cewa akwai iyayen da sai an matsa musu. Amma littattafai ashirin a kaina, Malam. Ka sanar da ni inda ake sayar da su a Gusau da kuɗinsu.